Yadda Ake Rubuta Tarihin Magidanci Mai Son Besbol Bayan Rasuwarsa

A Kaduna, idan magidanci ya rasu, akan yi masa sutura cikin 'yan sa'o'i, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku, sannan a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage na labarinsa yakan zauna a bakin matarsa da abokan tasowarsa, waɗanda su ma jiran nasu lokacin suke yi. Bayan shekara 20, idan jikansa ya tambaya wane irin mutum ne kakansa, sai a ce masa mutumin kirki ne mai haƙuri, wato amsar da ake bayarwa a kan kusan kowane mamaci, wadda ba ta bambanta shi da maƙwabcinsa. Maganin wannan shi ne iyali su tattara tarihinsa a ɗan littafi tun masu labarin suna raye, kuma aikin bai fi ƙarfin ɗa ko 'ya ko ɗan'uwa mai waya da littafin rubutu ba.

Misalin da zan riƙa kawowa na baffana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya yi aikin kula da lafiyar dabbobi a nan Kaduna har ya yi ritaya. A ƙarshen shekarun 1970 ya tafi ƙarin karatu Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, wadda take da tsohuwar alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a fannin noma da likitancin dabbobi, ya kuma dawo da son wani wasa da babu wanda ya san kansa a unguwarmu, wato besbol. Da aka ɗora mini rubuta tarihinsa, wannan son nasa ne ya fi ba ni wahala, daga baya kuma shi ne ya nuna mini halin mutumin fiye da takardunsa na aiki. Wanda mamacinsa ƙwallon ƙafa ya so, ko dambe, ko ƙwallon dawaki, zai iya bin hanyar nan, sunan wasan kawai zai canza.

Abin da yake gaba da rubutu

Kada a ɗauki alƙalami kafin a sauke nauyin da yake kan mamacin. A fara da bashi, a bi da wasiyya idan ya bari, wadda shari'a ta taƙaita ga sulusin dukiya, sannan a raba gado. Dalilin kawo wannan a nan shi ne kayan da marubuci zai fi buƙata, kamar hotuna da wasiƙu da littattafan da marigayin yake rubutu a ciki da kayan wasan kansu, duk suna cikin abin da ya bari, saboda haka haƙƙin magada ne. Tsohuwar safar hannu ta fata, irin wadda ake cafke ƙwallon besbol da ita, ba za ta yi wani kuɗi a Kasuwar Barci ba, amma idan ɗa ɗaya ya ɗauke ta ba da sanin 'yan'uwansa ba, tana iya haddasa gaba ta shekaru. A nemi izini a gaban kowa, a rubuta abin da aka ara, a ɗauki hotonsa da waya, a mayar da shi inda aka same shi.

Matar marigayin tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma bai dace a je mata da tambayoyi tun hawaye bai bushe ba. A bari sai ta fita, sai fa idan ita ce ta soma kawo labarin da kanta, to a nan a saurara kawai, a rubuta bayan an tashi. Tsofaffin abokansa kuwa ba a jinkiri da su. Ni na yi ta ɗage zuwa wurin dattijon da suka zauna ɗaki ɗaya da baffana a Kansas, ina cewa sai bayan Babbar Sallah, kafin Sallar ta zo shi ma Allah ya karɓi abinsa, ya tafi da labarin shekara biyu da babu wanda ya sani sai shi.

Wasu iyalai sukan so a raba littafin ranar sadakar arba'in. Malamai sun saɓa a kan wannan taro, a gida ɗaya ma akan sami masu yi da masu ƙi, don haka ya fi aminci kada a ɗaure littafin da ranar. Ban da haka, kwana 40 ba ya isa a yi aiki mai kyau. Idan kuma marigayin ya bar mace fiye da ɗaya, wajibi ne a ji daga kowane ɗaki, a kuma auna yawan abin da aka ɗauko daga kowanne, domin 'ya'ya za su ƙirga shafuka ko da ba su faɗa ba.

Yadda ake tambaya

Mafi yawan tarihin mamata suna lalacewa ne tun a wurin tambaya. Idan aka ce wa mutum ya faɗi halin marigayi, zai ce mai haƙuri ne, mai zumunci, mai son jama'a, Allah ya jiƙansa, kuma duk gaskiya ya faɗa, sai dai babu abin rubutawa a ciki. Tambayar da take fito da labari ita ce wadda ta kama rana ɗaya ko abu ɗaya. A tambayi abokin aikinsa ranar da suka fi shan wuya a daji lokacin allurar shanu. A tambayi ƙanwarsa abin da ya sayo mata da albashinsa na farko. A tambayi 'ya'ya abin da yake cewa idan ɗayansu ya faɗi jarrabawa, da kalmominsa yadda yake furta su, ba ma'anarsu kawai ba.

A kula da ladabin magana, domin shi ne mabuɗin bakin manya. Matar marigayi ba za ta ambaci sunan mijinta ba, za ta ce Malam ko Alhaji ko babanku, kuma haka ya kamata a rubuta maganarta, kada a cusa mata sunan a baki. Ba a zuwa wa abokin uba da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida. A gaishe shi a durƙushe, a yi masa ya ƙarin haƙuri tunda shi ma rashi ya yi, a bar hirar ta ɗauki hanyarta, sannan a ce, "Baba, an ce tare kuka hau jirgi zuwa Amurka, yaya aka yi?" Kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya a nemi izini, a kuma gaya masa cewa duk abin da bai so a buga ba za a cire. Zama biyu gajeru sun fi zama ɗaya mai tsawo, saboda tsoho yakan tuna rabin labarin ne bayan baƙon ya tafi.

Shekaru su ne inda aka fi yin kuskure. Dattawa ba su cika riƙe lamba ba, amma suna riƙe abin da ya faru a ƙasa, saboda haka a riƙa jingina labari da sanannun al'amura: kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, fitowar naira a 1973, kisan Murtala a Fabrairun 1976, hawan daba na FESTAC da aka yi a Kaduna a 1977, ko cire jihar Katsina daga jihar Kaduna a 1987. Idan gwaggo ta ce an ɗaura aurensa shekarar da aka daina kashe fam da sule, to an sami shekara. Sauran kuma takardu za su cike: hatimin shiga da fita a tsohon fasfo, takardar ɗaukar aiki, bayan hotuna inda mutanen da sukan rubuta rana. Wanda yake son tabbatar da wani abu na aikin gwamnatin Arewa ko neman tsohuwar jarida, akwai ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike. Wasan ma da kansa yana taimakawa a nan, domin masu besbol mutane ne masu ajiye lissafi. Baffana yakan ce yana can shekarar da George Brett na ƙungiyar Kansas City Royals ya kusa samun bugu huɗu cikin kowane goma, wannan kuwa 1980 ce, kuma ta yi daidai da hatimin fasfonsa.

Koyon wasan gwargwadon buƙata

Ba a buƙatar marubuci ya zama gwani, amma ba zai yiwu ya rubuta son da mutum ya yi wa abu ba alhali bai san abin ba. Masu karatu ma ba su san shi ba, wasu za su ɗauka kurket ne, don haka littafin yana buƙatar sakin layi ɗaya da zai bayyana wasan a sauƙaƙe. Ga gwargwadon abin da ya isa. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. Ana yin turmi tara, a kowane turmi ƙungiya ɗaya tana bugu ɗayar tana tsaron fili, sai an fitar da masu bugu uku sannan a yi musanya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, nisan ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo wata ƙaramar ƙwallo mai tauri mai jan ɗinki, shi kuma mai bugu ya yi ƙoƙarin make ta da sanda, idan ya kuskure sau uku ya fita. Idan ya same ta sai ya ruga ya bi tasha uku da aka jera, ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata, ya komo inda ya tashi, wurin da suke kira gida, sannan a rubuta wa ƙungiyarsa ci ɗaya. Ba agogo ne yake tashin wasan ba. Idan an yi kunnen doki a ƙarshen turmi na tara sai a ci gaba har ɗaya ta yi rinjaye. Babbar gasar Amurka tana da ƙungiya 30, kowace tana buga wasa 162 daga wajen farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, sannan a Oktoba a shiga zagayen fitar da zakara, wanda yake ƙarewa da karawar da suke kira World Series, wadda aka fara a 1903.

Yana da kyau a ƙara layi biyu da za su nuna wa mai karatu cewa marigayin ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ana son wasan ƙwarai a Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Jamhuriyar Dominika. Najeriya ma tana da ƙungiyar ƙasa, wadda ta zo ta biyu bayan Afirka ta Kudu a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, kuma a 2017 ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen nahiyar nan na farko da ya buga a babbar gasar Amurka. Fiye da haka ya zama darasin wasanni, littafin kuwa na mutum ne.

Amfanin wannan ɗan ilimi ya bayyana gare mu ta hanyar da ba mu zata ba. A cikin akwatin baffana mun tarar da littattafan makaranta guda bakwai cike da layuka da lambobi irin su 6-4-3, da harafin K a warwatse ko'ina. Ɗaya daga cikin 'yan'uwa ya yi shiru, daga baya ya ja ni gefe ya ce yana tsoron kada ya zama lissafin caca ne, ya kuma ba da shawarar a ƙona su a rufa wa mamaci asiri. Ashe al'ada ce ta masu bin wasan: kowane mai tsaron fili yana da lamba daga 1 zuwa 9, mai jifa shi ne 1, mai cafkewa a bayan mai bugu shi ne 2, saboda haka 6-4-3 na nufin ƙwallon ta bi hannun mutum uku an fitar da 'yan wasa biyu a lokaci ɗaya, K kuwa alamar mai bugu ya kuskure sau uku ne. Mutumin yana zaune ne da tsakar dare yana sauraron wasa a rediyon gajeren zango yana rubuta shi jifa bayan jifa. Duk abin da aka samu a kayan mamaci ba a gane shi ba, a nemi wanda ya sani kafin a yanke hukunci, balle a kunna ashana.

Inda wasan ya haɗu da gida

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Kuskure iri biyu ake yi. Wasu sukan ɓoye wasan gaba ɗaya, suna ganin bai dace a ce dattijo mai jikoki, mai sahun gaba a masallaci, yana da abin da yake so na wasa ba. Wasu kuma sukan cika littafin da sunayen 'yan wasa da sakamakon gasa har mai gidan ya ɓace a ciki. Ma'aunin da na yi amfani da shi guda ɗaya ne: labarin wasa zai shiga littafi ne idan akwai wani ɗan gida a cikinsa, ko idan ya nuna yadda marigayin yake yanke shawara. Wanda bai cika wannan ba ya tsaya a waje, komai daɗinsa.

Bambancin lokaci kaɗai ya isa ya haifar da labarai. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a Kaduna sha biyun dare ne, na Kansas kuwa ya fi haka nisa cikin dare. Saboda haka a tambayi uwargida yadda ake yi da wannan a gida: wa yake dafa shayi, wa yake ƙorafin ƙarar rediyo, me yake faruwa idan an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, ko ya taɓa makara aiki saboda shi. Amsar da matar baffana ta ba ni ita ce ta zama shafi mafi kyau a littafin. Ƙungiyar da yake goyon baya, Kansas City Royals, ta ci gasa a 1985, lokacin da ta doke St. Louis Cardinals bayan an yi mata nisa da wasa uku da ɗaya, daga nan ta yi shekara 30 ba ta sake ba. A wasan ƙarshe na 2015 da New York Mets, wanda a wurinmu ya kama daren 1 ga Nuwamba zuwa wayewar gari, ana gab da shiga turmi na tara ana cin ƙungiyarsa biyu da nema sai aka kira sallar asuba. Ta ce mini, "Malam ya kashe talabijin ya ɗauki buta, ko waiwaye bai yi ba." Da ya dawo daga masallaci ya tarar an rama, an shiga ƙarin turmi, suka kuma ci bakwai da biyu a turmi na sha biyu gari yana wayewa. Babu buƙatar marubuci ya ƙara cewa mutumin yana fifita salla a kan komai. Idan ya rubuta labarin daidai, da butar da talabijin ɗin, mai karatu ya riga ya gani.

A kuma nemi abin da wasan ya yi tsakaninsa da 'ya'yansa, musamman ɗan fari. A al'adarmu uba yakan yi alkunya ga ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya jansa a jiki a gaban mutane, kuma sau da yawa ɗan yakan girma yana zaton ba a damu da shi ba. Babban ɗan baffana ya gaya mini cewa a iya tunaninsa mahaifinsu bai taɓa zama ya yi hira da shi ba, amma kusan kowace yamma bayan la'asar yakan miƙa masa safar hannu su fita bayan gida, wannan ya jefa wannan ya cafke, har a kira magariba, ba mai cewa uffan. Sai da nake tambayarsa ne ya lura cewa ƙannensa ba su sami wannan rabin sa'ar ba sai jefi-jefi. Irin wannan ba ya fitowa sai an tambayi kowane ɗa shi kaɗai, domin a gaban 'yan'uwa kowa yakan maimaita abin da babba ya faɗa. Kada a manta da 'ya'ya mata da matan 'ya'ya da yaran maƙwabta. Sau da yawa su ne suka riƙe abin dariya, kamar ranar da ƙwallo ta fasa randar maƙwabciya ya je da kansa ba da haƙuri da sabuwa a bayan mota.

Labaran da marigayin yake yawan bayarwa game da wasan su ma shaida ce a kansa, domin mutum ba ya maimaita labari sai wanda ya taɓa shi. Baffana ya fi kawo na Jackie Robinson, baƙar fatar da ya shiga babbar gasar ranar 15 ga Afrilun 1947 tare da ƙungiyar Dodgers, bayan shekaru masu yawa ana hana baƙaƙe, ya sha zagi daga 'yan kallo da abokan karawa bai rama ba, har daga baya a 1997 aka jingine lambarsa 42 a dukkan ƙungiyoyi don girmama shi. Yakan kawo shi ne idan wani ɗa ya dawo gida yana cewa an wulaƙanta shi a wurin aiki zai ajiye. Idan za a rubuta irin wannan, a tabbatar da shekaru da sunaye daga majiya mai inganci, a kuma bambanta abin da tarihi ya tabbatar da abin da marigayin yake ƙarawa don armashi.

Akwai jarabar da take kama marubuci a wannan gaɓa, ta mayar da rayuwar mutumin gaba ɗaya wasa, a ce ya zagaya tashoshi ya koma gida, ko an busa masa usur na ƙarshe. A guje mata. Mutuwa tana da nata kalmomin a wurinmu, kuma sun isa.

Batun aibi kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, saboda haka laifin da zai zubar da mutuncinsa ko ya tayar da tsohuwar rigima ba shi da wuri a littafin. Wannan bai hana a ambaci ƙananan halaye da kowa ya sani yana kuma murmushi idan ya tuna ba, kamar saurin fushinsa idan an taɓa masa rediyo, ko shuɗiyar hular wasan da yake sawa da kaftani idan zai shiga gona, wadda matarsa ta yi shekaru tana ɓoyewa yana nemowa.

Tsarawa da bugawa

Shafi 30 zuwa 40 ya wadatar. A fara da asali da haihuwa da karatu a taƙaice, a bi da aure da aiki, a ba zaman gida da wasan fili mai faɗi, a rufe da jinya da rasuwa cikin 'yan layuka ba tare da tona bayanin ciwo ba, sai addu'a. Kafin a kai maɗaba'a a karanta wa uwargida da babban wa ko baffan da ya rage rubutun da baki, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake, kuma wanda aka karanta wa tun farko ba ya tayar da magana bayan an buga. Duk hoton da mace take ciki a nemi yardarta, haka nan wanda ba ya son a sa hotonsa a bar shi. Kada a buga lambar waya ko adireshin gidan kowa, tunda littafin zai yi yawo a WhatsApp. A wurin bugawa a dage sai an ga gwajin shafi a takarda, saboda haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama akwatuna idan kwamfutar ba ta da rubutun da ya dace. Muryoyin da aka ɗauka a ajiye su a wuri biyu, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya ake zaune ba.

Kuɗin aikin ya fito daga karo-karon manya, kada a taɓa rabon marayu. Littafin kuma ba ya maye gurbin abin da yake isa ga mamaci, wanda hadisi ya ambata: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Idan an tara fiye da abin da maɗaba'a ta ci, ragowar ta tafi ga rijiya ko kuɗin makarantar wani yaro da sunansa. Kayan wasan kuwa, magada su amince a kan wanda zai riƙe su. Safar fata tana tsagewa da hunturu, tana kuma yin fumfuna da damina, don haka a riƙa shafa mata ɗan mai sau ɗaya ko biyu a shekara, a sa ƙwallo a cikinta a ɗaure don kada ta lanƙwashe, a ajiye ta inda iska take shiga.

A bar shafi uku ko huɗu farare a ƙarshen kowane kwafi, domin da zarar an raba littafin mutanen da ba a tuna da su ba za su fara zuwa da nasu labarin. Namu bai yi mako biyu da fita ba wani mai gyaran rediyo daga Tudun Wada ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce shekara 12 yana gyara wa Alhaji rediyonsa, kuma Alhaji ne ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawar gama sakandare, da sharaɗin kada ya gaya wa kowa. Babban ɗan marigayin ya shigar da shi zaure, ya kawo masa ruwa, ya ɗauko biro ya buɗe shafin farko na fararen.